Kwale-kwale mai mita nawa, inji mai doki nawa?

Laminu Ɗan Birni:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo neman shawara ne kafin in fitar da kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa. Ƙanena yana su a tafkin Gidimuni na jihar Damagaram da kwale-kwalen haya, kuma duk abin da ya kamo sai an raba da mai jirgi, saboda haka muka yanke shawarar mu mallaki namu. Wani mutum ya yi mini tayin jirgin katako mai tsawon mita 7 tare da tsohon inji Yamaha mai ƙarfin doki 40, ya ce daga bakin tafkin Chadi aka kawo shi, kuma farashin da ya faɗa bai kai rabin kuɗin sabo ba. Ƙanena ya ce mu karɓa kafin wani ya riga mu. Ni kuwa ban taɓa riƙe filafili ba, aikina a kan tebur yake, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mutum uku ne za su riƙa shiga, da komarsu da ƙugiyoyinsu. Shin wannan girman ya dace, kuma injin bai yi yawa ba?

Baba Ilu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a yi maganar inji, ina so ka tambayi ƙanenka minti nawa yake ɗauka daga inda yake ɗaure jirgi zuwa inda yake zuba koma idan yana tuƙi da sanda. Na yi su shekaru masu yawa a ɓangaren Gigimi da Boso, har zuwa 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa aka hana mu ruwa, na dawo gida. A can inji mai doki 40 yana da dalilinsa, domin mutum yakan loda jirgi mai mita 12 ko fiye da kwalayen banda da buhunan hatsi da fasinja, ya yi wuni yana ratsa tsibirai kafin ya kai kasuwa. Gidimuni kuwa kana tsaye a wannan gaɓa kana hango mai wanki a waccan. Idan ka ɗaura wannan inji a bayan jirgi mai mita 7, nauyinsa kaɗai ya wuce kilo 70, ga tankin mai ga matuƙi duk a wuri guda, gindin jirgin zai nutse, goshinsa ya ɗaga sama, kuma ranar da matuƙi ya sassauta mai da gaggawa, igiyar ruwan da ya tayar da kansa ita za ta biyo shi ta shigo ta baya. Na ga haka da idona, ba labari aka ba ni ba.

Harisu Ɗan Gaya:
Allah ya ƙara wa Baba girma. Na yarda 40 ya yi yawa, amma ina tsoron kada a tsoratar da Laminu ya koma ga filafili kawai. Ni a kogin Kwara na tashi, kuma mu a can inji mai doki 15 shi ne ma'aunin talaka: yana tura jirgi mai mita 8 da kayansa, mutum biyu suna ɗaga shi, har ƙaƙƙarfa guda yana saɓa shi a kafaɗa tunda nauyinsa bai wuce kilo 40 da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ranar da ka gaji da shi akwai mai saye. Inji kadara ne. Idan ruwa ya ja baya a Gidimuni suka so su koma Madarunfa ko Tabalak, ko kuma aka samu sauƙi suka gangara Chadi, 15 zai yi musu aiki a ko'ina. A ganina ya bar 40, ya nemi 15.

Malam Sanusi:
Ni malamin kimiyya ne, ba masunci ba, don haka masu sana'a su gyara mini inda na kauce. Akwai wani abu game da jirgin ruwa da mai saye ya kamata ya sani, shi ne cewa gudun jirgin da ke tafiya cikin ruwa yana da iyaka, kuma tsawon jirgin ne yake yanke wannan iyaka, ba girman inji ba. Jirgi yana tafiya yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa da kuma bayansa. Yayin da gudu ya ƙaru tazarar igiyar tana ƙaruwa, har ta kai daidai tsawon jirgin, daga nan sai ya zama kamar yana ƙoƙarin hawa tudun da shi ya gina. Masu ƙera jirage suna da lissafin wannan, kuma bisa lissafinsu jirgi mai mita 7 yana kai wa wannan iyaka a wajen kilomita 12 cikin awa guda, mai mita 9 kuma a wajen 13 da rabi. Siririn kwale-kwale yakan ɗan zarce haka saboda yana yanka ruwa, amma kowace kilomita da aka ƙara bayan nan da tsadar mai ake sayenta.

Domin kai jirgi mai mita 7 da mutum uku zuwa kilomita 10 a awa, doki 5 zuwa 8 sun wadatar. Sauran dawakin da ke cikin inji mai 40 ba su da aikin yi sai haƙa rami a ruwa. Gaskiya ne akwai jiragen da ake ƙerawa don su ɗago su riƙa sulɓi a saman ruwa, masu faɗin baya da rashin nauyi, irin na roba da jami'an tsaro suke amfani da su, kuma su ne babban inji yake yi wa amfani. Jirgin katako mai ɗauke da jiƙaƙƙiyar koma ba ya cikinsu.

Sai maganar mai. Irin waɗannan injuna da ake haɗa musu fetur da baƙin mai suna shan kusan rabin lita a kan kowane doki cikin awa guda idan aka murɗa su har ƙarshe. Wato mai 15 zai sha wajen lita 7, mai 40 kuma wajen lita 20. Idan muka ɗauki lita a kan dala ɗari, wato sefa 500, awa guda ta mai 15 ta ci jaka uku da rabi, wato sefa 3,500, ta mai 40 kuwa jaka goma. Laminu ya tambayi ƙanensa kwana nawa a wata yake kama kifin jaka goma.

Hajiya Tsahara:
Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni nake karɓar kifi daga hannun masunta ina kawowa kasuwar Dole, kuma na san abin da ke shigowa a kwando. Kwanan da aka dace, mutum ya kawo karfasa da tarwaɗa masu auki. Kwanan da ba a dace ba, abin da zai kawo bai fi na miyar gidansa ba. Wanda yake tuƙi da hannu idan bai kama ba ya yi asarar guminsa ne kawai, amma mai inji ya riga ya ci bashin mai tun da asuba, kuma wurina yake zuwa a ba shi kafin alƙalami. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 man bakin hanya mai araha da muka saba gani yana shigowa ta Magarya da Matamai ya zama tarihi. Ɗana Laminu, idan kuɗinka sun isa jirgi da inji, to ka raba su uku, ka bar kashi guda na koma da ƙugiya da gyara, domin na sha ganin mai sabon jirgi yana yawon aron koma.

Harisu Ɗan Gaya:
Hajiya da Malam, ba wanda yake murɗa inji har ƙarshe wuni guda. Idan aka riƙe mai 15 a rabin maƙogwaro ba zai sha lita 7 ba, ko kusa. Kuma babban inji da ke tafiya a hankali ya fi ƙaramin da ake wahalarwa daɗewa. Wannan ma lissafi ne.

Malam Sanusi:
Wannan gaskiya ne, Malam Harisu, kuma na karɓa: lissafina na iyakar sha ne, kuma duk wanda ya ɗan sassauta hannu zai ga man ya ragu sosai alhali gudun bai ragu da yawa ba. Tsakanin 8 da 15 ana iya jayayya. Abin da ba na jin za a iya karewa shi ne 40.

Maman Sani Bakanike:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da nake ci da shi. A unguwar Zango ta Damagaram nake gyaran babura da injunan ban-ruwa, kuma lokaci-lokaci ana kawo mini injin jirgi a bayan mota. Matsalar da ba a ambata ba ita ce zurfin ruwa da ciyawa. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi da ruwan tafkin yake sanyaya kansa. A cikin ƙafarsa akwai wata ƴar fanka ta roba da take zuƙo ruwa ta wasu ƙananan ramuka a saman farfela, ta tura shi ya zagaya kan inji, sa'an nan ya fito ta baya siriri, abin da muke kira fitsarin inji. Idan ƙafar tana jan laka da yashi, robar nan tana cinyewa. Idan ganyen bado ko leda ya toshe ramukan, ruwa ya yanke, cikin ƴan mintuna inji ya ɗauki zafi ya kama. Tafkunanmu na nan, Gidimuni da Lasuri da madatsun ruwa irin na Kasama, da zarar an shiga bazara sai su zama rabi ruwa rabi kacalla. A watan jiya aka kawo mini wani mai doki 15, na buɗe na tarar fankar ta zama kamar tsohon takalmin roba da aka ja a kwalta, fuka-fukanta biyu sun karye sun shige cikin hanyar ruwa. Abin bai fi tafin hannun yaro ba, amma sai da muka jira kwana 12 kafin a samo shi daga Kano, kuma duk kwanakin nan jirgin yana kife a gaɓa.

Abin da ni zan ba da shawara a duba shi ne inji mai doguwar wutsiya, irin wanda mutanen Tailan suka shahara da shi. Ba wani baƙon abu ba ne: injin ban-ruwa ne irin Honda GX200 ko ƴan uwansa na Sin da ake rubuta musu doki 6.5, wanda kowane mai garka a kwarin Korama ya sani, sai a cire famfon a haɗa masa dogon bututun ƙarfe mai sanda a ciki, farfela a ƙarshe. Iska ce take sanyaya shi, saboda haka babu ruwansa da laka. Baƙin mansa daban yake, ba a haɗa shi da fetur. Kan injin bai wuce kilo 16 ba, ba ya kai lita 2 a awa, kuma idan matuƙi ya ga ciyawa sai ya danna hannu wutsiyar ta ɗago ya wuce. Buji da karbirato da igiyar tayarwa kuwa duk ana samunsu a nan cikin gari, har ma a kasuwar Mirya.

Baba Ilu:
Maman Sani, na ga irinsa kuma yana aiki, amma ka faɗa wa yaron aibinsa ma. Yana da ƙara kamar injin niƙa, ba ya ja da baya, kuma wutsiyar tana buƙatar fili idan za a juya. Farfelarsa tsirara take a nesa da jirgi, wanda bai saba ba zai iya yanka komarsa da kansa, ko ya ji wa wanda yake cikin ruwa rauni. Sai an koya.

Maman Sani Bakanike:
Haka ne Baba, ban musa ba. Zan ƙara da cewa na Sin ɗin ba ya jure shekarun da Yamaha yake jurewa. Sai dai kuɗin mai 15 sabo guda ɗaya zai sayi irinsa da yawa, kuma da rani idan ruwa ya ƙafe ana iya kwance wutsiyar a mayar masa da famfonsa ya koma ban-ruwan albasa.

Laminu Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Na kira ƙanena na tambaye shi abin da Baba ya ce, ya amsa cewa da sanda yana kai wa wurin da ya fi nisa cikin kamar minti 40, amma da safiyar hunturu idan iska ta taso daga gabas yakan yi fiye da awa guda, kuma dawowa da kaya ne yake gajiyar da su. Maganar 40 dai na ajiye ta. To jirgin fa? In karɓi mai mita 7 ɗin shi kaɗai, ko in sa a ƙera mini sabo?

Malam Idi Kafinta:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo kan katako. Malam Laminu, tsawo kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka haɗa da faɗin ƙasa da tsayin gefe. Mutum uku da koma, ni abin da nake yi musu shi ne mita 6 da rabi zuwa 7, faɗin ƙasa mita guda a tsakiya, baki ya buɗe ya kai mita da santimita 30, gefe kuma santimita 50. Ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe, domin ruwanmu ba zurfi kuma mai jefa birgi a tsaye yake aiki. Jirgi mai zagayayyen ciki yana da daɗin tuƙi amma yana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Kada ka sauka ƙasa da mita 6 don neman sauƙin kuɗi, saboda gajeren jirgi ya fi wuyar turawa kuma ba wurin shimfiɗa koma. Kada kuma ka haura 8, domin mutum uku ba za su iya jawo shi gaɓa su kife shi ba, kuma jirgin da ba a kifewa a shanya ba a ganin ɓarnarsa sai ta yi nisa.

Game da wanda aka yi maka tayi, ka je da ƙusa mai tsini da rana tsaka. Ka soka ta a katakon baya inda injin yake zama, da kuma layin da ƙasa ta haɗu da gefe. Idan ta shige kamar cikin rogo dafaffe, ka yi sallama ka tafi. Jirgin da ya ɗauki inji mai doki 40 shekara da shekaru, girgiza ta riga ta sassauta ƙusoshin bayansa. Ni kaina an taɓa cuta ta a haka: na sayi wani daga hannun wani dillali, an shafe shi da kwalta da sabon fenti shuɗi yana ƙyalli, ashe a ƙarƙashi an toshe tsagar da tsumma da garin katako ne. Kwana uku a ruwa, muka koma mutum guda yana su, mutum guda yana kwarfe ruwa da ƙwarya.

Idan kuma sabo za a yi, ka yanke shawarar injin kafin a yanka katakon baya. Injin ratayawa iri biyu ne, mai gajeriyar ƙafa da ke son bayan jirgi mai tsayin santimita 38, da mai doguwa da ke son 51. Idan aka saɓa, ko farfela ta riƙa kama iska, ko ƙafar ta riƙa noma laka. Mai wutsiya kuwa gindin zama yake so, katako mai kauri da aka ɗaure da ƙusa mai noti.

Malam Sanusi:
Ma'aunin Malam Idi ya yi daidai da lissafi, kuma kowa zai iya gwadawa. Shimfiɗar ƙasan irin wannan jirgi, idan aka cire tsukewar goshi da baya, za ta kai kamar murabba'in mita 5. Tunda lita guda ta ruwa kilo guda ce, kowane kilo 50 da aka ɗora zai nutsar da jirgin santimita guda. Mu ce mutum uku kilo 200, jiƙaƙƙiyar koma 80, kifi 100, inji da mai 50, katakon kansa 200: jimla 630, wato nutsewar santimita 13 ke nan, saura fiye da 35 a saman ruwa. Wannan ratar ita ce ran mutanen da ke ciki ranar da hadarin damina ya taso da iska kafin su kai gaɓa, don haka kada a ga sarari a ce bari a ƙara fasinja.

Baba Ilu:
Saura abu guda da ba ya cikin lissafi. Ɗana, kafin ka sayi ko da buji, ka je ka gaida sarkin ruwan wurin da shugabannin ƙungiyar masunta, ka kuma bi ta wurin ma'aikatan ruwa da dazuka don takardar izinin su. Ƙaramin tafki ba kamar Chadi ba ne, kowa ya san inda komar kowa take. Idan ƙanenka ya shigo da ƙara da asuba ya bi ta kan mamarin mutane, wato igiyoyin ƙugiyoyin da suka shimfiɗa a ruwa, yana tsinkawa, ko aka ga kifi ya yi ƙasa a makon, shi za a nuna ko da ba laifinsa ba ne. Akwai wuraren da masunta suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa inji ba ya shiga, kuma Gidimuni tun 2019 yana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ba kariya, saboda haka idon hukuma yana kansa. Idan sun amince, a kashe injin tun kafin a isa wurin zuba koma, a ƙarasa da sanda. Kuma ka sayi rigar ruwa uku, irin mai hana nutsewa. Na binne gwanayen iyo da koma ta naɗe musu ƙafa a ruwan da bai kai wuyansu ba.

Harisu Ɗan Gaya:
Maganar Maman Sani a kan laka ta rinjaye ni game da Gidimuni, domin mu a kogi ba mu san wannan matsala sosai ba. Amma ina nan a kan bakana cewa idan suna da niyyar fita wani ruwa, a yi katakon bayan da ƙarfin da zai ɗauki mai 15 nan gaba, kada a zo ana sake aiki. Kuma duk ranar da suka sayi irinsa, haɗin man shi ne rabin lita na man haɗi a cikin lita 25 na fetur, sabo kuma a ninka masa a awannin farko kamar yadda littafinsa ya nuna. Kada su zuba masa baƙin man mota.

Laminu Ɗan Birni:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sanar da mai tayin cewa na janye, bai ji daɗi ba, har ya rage farashin sau biyu. Abin da muka tsayar ni da ƙanena shi ne sabon jirgi mai mita 7 a kan ma'aunin Malam Idi, da katakon baya mai kauri kamar yadda Malam Harisu ya ce. Za su fara da sanda da filafili har ƙarshen damina, kuɗin injin kuma a sayi koma biyu da rigunan ruwa. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tafi Gidimuni in ga sarkin ruwa, idan ya amince da inji sai in zo Zango mu yi maganar mai wutsiya. Malam Idi, kwana nawa aikin zai ɗauka, kuma katakon ni zan sayo ko ku?

Malam Idi Kafinta:
Kwana 10 idan katakon busasshe ne, ɗanye kuwa sai mun jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna, domin idan aka haɗa shi da ɗanyensa zai ja ya buɗe baki. Ka zo mu tafi kasuwar katako tare in zaɓa da hannuna, kai ka biya. Ka taho da ƙanenka, ina so in ga tsayinsa kafin in sa wurin zama.